Sikanin ya nuna biyu, yanzu ɗaya, ga kuma ƙari mai gashi a gefe

Maman Abdul:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Ina da ciki sati 13. Yana sati 7 na ga ɗigon jini, muka je aka yi sikanin, mai yin ya juyo mana da allon ya nuna jaka biyu, ya ce tagwaye ne, sai dai ɗayan bai kai ɗan'uwansa girma ba. A ranar Abban Abdul ya kira Hajiya, mahaifiyarsa, ya yi mata albishir. Litinin ɗin nan na koma awo, aka sake sikanin, aka ce ɗaya ne, yana nan lafiya, zuciyarsa na bugawa. Na ce ina ɗayan? Aka ce ya ɓace. Ni kuma ban yi ɓari ba, ban ga gudan komai ya fita ba. Sannan aka ce akwai ƙari a gidan ƙwai na dama, santimita 6, an rubuta damoyid a takardar, wai irin wanda ake samun gashi da haƙori a cikinsa ne. Da muka dawo gida Hajiya ta ce ai ga amsa nan, ɗayan ne ya zame ya koma gefe ya kwanta. Ta ce a nemo maganin tayar da kwantaccen ciki. Ni kaina abin ya fara shiga raina, don in ba jariri ba, me zai kawo gashi da haƙori a cikin mutum?

Ummu Khairat:
Wa'alaikumus salam. Inna lillahi. Allah ya ba ki haƙuri 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Don Allah kada ki sha komai sai masu sani sun yi magana.

Hajiya Kulu:
Ni dai na ga irin wannan da idona. Matar wana an yi mata aiki shekarun baya, aka fito da wani abu kamar ƙwallo, da aka tsaga sai ga gashi dunƙule da haƙora biyu. Duk dangi aka yi ittifaƙi abokin tagwaicinta ne da ta haɗiye tun tana cikin uwarta. Maganar surukarki ba ta rasa tushe ba, manya sun ga jiya.

Sista Rabi:
Maman Abdul, ni ungozoma ce, shekarata 19 a ɗakin awo da ɗakin haihuwa. Abubuwa biyu ne suka same ki lokaci guda, kuma babu igiyar da ta haɗa su. Bari in ɗauki na farko, wato ɗan da ya ɓace, don shi muke gani kullum.

Ciki ya kan fara da biyu, sai ɗaya ya tsaya da girma a makonnin farko. Tunda a lokacin bai wuce girman ƙwayar wake ba, jikin uwa da mahaifa su kan tsotse shi a hankali har ya zama babu alamarsa. Ba ya tafiya ko'ina. A nan cikin mahaifa ya tsaya, a nan ya narke. Shi ya sa ba ki ga komai ya fita ba. Ɗigon jinin da kika gani a sati 7 yana iya zama alamarsa, wasu kuma ko ɗigo ba sa gani. Da can kafin sikanin ya wadata, mata da yawa sun ɗauki biyu sun haifi ɗaya ba tare da sun taɓa sani ba. Yanzu da ake yin hoto tun sati 6 ko 7 ne abin ya fito fili.

Kuma ki ji wannan da kyau: ba aikin gida ne ya jawo ba, ba hawa babur ba, ba abin da kika ci ba. Galibi tun wajen haɗuwar ƙwai da maniyyi ne tsarin halittar ɗan bai zo daidai ba, don haka ba zai iya ci gaba ba. Shi ya sa tun hoton farko aka ga ya fi ƙanƙanta.

Maman Abdul:
Sista na gode. Wallahi abin da ke cin raina ke nan, don a satin na yi wankin bargo guda biyu. To wanda ya rage fa, ba zai shafe shi ba?

Sista Rabi:
Wankin bargo ba ya hana ɗa girma a ciki, cire wannan daga ranki. Idan abin ya faru a watanni ukun farko kamar naki, mafi yawan lokuta wanda ya rage ya kan ci gaba lafiya har haihuwa. Inda ake ɗaga hankali shi ne in cikin ya yi nisa kafin ɗaya ya rasu, musamman in mabiyiya ɗaya suke amfani da ita. Naki an ga jaka biyu daban tun farko. Ki dai riƙe awo da kyau, kuma ki tambaya a duba rukunin jininki, don in mai negatif ne akwai allurar anti-D, mai hana jinin uwa yaƙar na ɗa, da likita zai duba ko kina buƙata.

Fati Maraɗi:
Sista kin yi bayanin na farko. Amma gashi da haƙorin fa? Nan ne maganar take. Mu ma a nan haka ake cewa, ɗan tagwaye ne ya maƙale.

Dakta Halima:
Salamu alaikum. Sai yanzu na fito daga ɗakin tiyata na ga an yi ta kirana. Sista Rabi ta gama da na farko, ba ni da abin ƙarawa sai cewa binciken da aka yi a wurare daban-daban ya kan sa shi wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na cikin da ya fara da fiye da ɗaya. Ba baƙon abu ba ne.

Yanzu ƙarin. Hajiya Kulu, abin da kika gani gaskiya ne, gashi ne kuma haƙora ne. Fassarar da aka yi masa ce ba daidai ba. Kowace mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, suna ajiye a gidan ƙwai biyu, dama da hagu. Ƙwan mace Allah ya yi shi da ikon zama kowane sashe na jiki, fata, ƙashi, gashi, duka, amma sai ya haɗu da maniyyi yake bin tsari ya zama mutum. Wani lokaci ƙwai ɗaya ya kan fara rarrabuwa shi kaɗai, babu maniyyi, babu tsari. Sai ya yi jaka, cikinta ya shimfiɗa fata. Fata kuwa aikinta ta fitar da gashi da maiƙo, to su ne ke taruwa shekara da shekaru. Wani lokaci a samu haƙori, ko guntun ƙashi, ko guringuntsi. Babu zuciya mai bugawa, babu mabiyiya, babu rai. Da aka bincika ƙwayoyin halittar irin wannan ƙari, na matar ne kaɗai ake samu, babu na namiji ko kaɗan. Ɗa kuwa sai da uba.

Maman Abdul, ga hujjoji biyu da za ki iya gaya wa Hajiya cikin ladabi. Na ɗaya, wuri: ɗa a cikin mahaifa yake, ƙarin kuma a gidan ƙwai, waje da mahaifa. Babu hanyar da ɗa zai bar mahaifa ya koma can. Na biyu, lokaci: damoyid a hankali yake girma, a matsakaici bai fi milimita 2 a shekara ba. Naki santimita 6 ne, wato milimita 60. Ko da ya fi saura sauri, ba abin sati shida ba ne. Ya daɗe a jikinki, wataƙila tun kafin cikin Abdul, wataƙila tun kafin aure. Ɗan sati 7 ko haƙori bai yi ba, balle gashi.

Hajiya Kulu:
Likita ban ƙi taki ba. Amma in ya daɗe haka, me ya sa ba a gan shi ba lokacin cikinta na fari? Kuma me ya sa ba a gani ba a sati 7 ɗin?

Maman Abdul:
Hajiya, a cikin Abdul sau ɗaya aka yi mini sikanin, shi ma yana wata bakwai.

Dakta Halima:
To kin ga. A wata bakwai mahaifa ta cika ciki, ta ture gidan ƙwai sama ko baya, da wuya a gan shi. Na sati 7 kuma hankalin mai dubawa yana kan jini da jakunkunan nan biyu. Ƙari ga haka damoyid ya iya ɓuya, domin maiƙo da gashin da ke cikinsa su kan yi kama da hanji a allon, in ba an neme shi da gangan ba sai a wuce. Da yawa daga cikin waɗanda muke samu, wajen awon ciki ko wajen tiyatar haihuwa muke cin karo da su, matar ba ta taɓa jin ko ciwo ba.

Game da mutum ya haɗiye abokin tagwaicinsa, akwai abu mai kama da haka, amma daban ne, kuma yana da matuƙar wuyar samu, ana ƙiyasta ɗaya cikin haihuwa 500,000. Shi a jarirai da ƙananan yara aka fi gano shi, maza da mata, a can bayan hanji, kuma yana da ƙashin baya da alamar gaɓoɓi. Damoyid kuwa yana cikin ƙarin gidan ƙwai da aka fi samu ga mata masu shekarun haihuwa. Babu watan da zai wuce ban ga ɗaya ba.

Anti Binta:
Ban so yin magana ba amma dole. Ƙanwata tana shekara 16, ko zance ba ta fara fita ba, ta dinga ciwon mara a gefe guda. Aka yi hoto, aka ce a yi aiki, aka fito da irin wannan abu da gashi. Wata 'yar'uwar babanmu da ke wajen ta gani, kafin mu dawo gida magana ta zaga unguwa cewa ciki ne ya lalace mata. Yarinyar nan wata uku ba ta leƙa ƙofar gida ba, Islamiyya ma ta daina zuwa. Sai da babanmu ya tara 'yan'uwa, ya sa aka karanta musu takardar gwajin da aka yi wa ƙarin, aka yi musu bayani. Duk da haka har yau akwai masu kallonta da abin. Shi ya sa in na ji ana cewa ɗa ne, raina ke ɓaci. Kalma ɗaya ce a bakin mai faɗa, amma ita ta ɗauke ta shekaru. Yanzu tana da aure da 'ya'ya uku, alhamdulillahi.

Ummu Khairat:
Subhanallahi. Allah ya saka mata. Wannan ƙazafi ne fa tsantsa.

Dakta Halima:
Anti Binta, Allah ya saka da alheri da kika faɗa. Ana samun sa har a yara 'yan shekara bakwai da takwas. Ba shi da alaƙa da namiji ko kusa.

Amaryar Katsina:
Ni dai shawarata kada ki yarda a taɓa ki da wuƙa kina da ciki. Akwai wata mai magani da ke haɗa sassaƙe da man habbatussauda, tana narkar da ƙari kowane iri. Maƙwabciyata an ce tana da ƙari a gidan ƙwai, ta sha wata biyu, da ta koma aka ce babu. In kina so in turo miki lambarta ta gefe.

Sista Rabi:
Amarya, don Allah kada ki tura. Mai ciki sati 13 ba a ba ta sassaƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Kuma maganin tayar da kwantaccen ciki da Hajiyarta ta ambata, irin waɗannan wasunsu mahaifa suke matsawa. Na karɓi mata da jini na zuba saboda su. Ɗan da ke nan da rai shi za a jefa cikin haɗari saboda wanda babu shi.

Amaryar Katsina:
To maƙwabciyar tawa ƙarya na yi mata ke nan? Da idona na ga takardun biyu.

Dakta Halima:
Ba ki yi ƙarya ba, na yarda ya ɓace. Amma ƙarin gidan ƙwai iri-iri ne. Akwai na ruwa zalla, wanda ke fitowa bayan ƙwai ya fashe a tsakiyar wata. Irin wannan da kansa yake bajewa cikin wata biyu ko uku, an sha magani ko ba a sha ba. Masu ciki ma su kan yi irinsa a farko, ya ɓace wajen sati 16. Mai yiwuwa shi maƙwabciyarki ta yi. Damoyid kuwa maiƙo ne da gashi da ƙashi cikin jaka mai kauri. Babu abin sha da ke narkar da haƙori, na asibiti ko na gargajiya. Ko dai a zuba masa ido, ko a cire.

Maman Abdul:
Likita to ni wanne za a yi mini? An ce in koma ganin babban likita ranar Alhamis. Kuma ina jin tsoron tambaya, amma ciwon daji ne?

Dakta Halima:
Kusan dukansu ba daji ba ne. Waɗanda ke rikiɗewa ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, su ma galibi ga matan da suka daina al'ada. Abin da muka fi tsoro a shekarunki shi ne murɗewa. Ƙarin yana da nauyi, gidan ƙwai kuma a rataye yake da jijiyoyin da ke kai masa jini. Sai nauyin ya sa ya juya, jijiyoyin su murɗe kamar an matse tsumma, jini ya daina zuwa. In ba a warware da wuri ba gidan ƙwan ya mutu. Daga santimita 5 zuwa sama haɗarin ya fi yawa, kuma ciki na ƙara shi, musamman lokacin da mahaifa ke tasowa daga ƙugu da kuma kwanakin farko bayan haihuwa.

Ba zan yanke miki hukunci ta waya ba, ban ga hotonki ba. Santimita 6 kan iyaka yake. Wani likitan zai ce a bar shi ana auna shi, a cire bayan kin haihu. Wani zai ce a cire, musamman in yana ciwo ko yana girma ko kamanninsa ba su kwanta masa ba. In za a yi, watanni ukun tsakiya ake zaɓa, wajen sati 14 zuwa 20, lokacin gaɓoɓin ɗa sun gama haɗuwa, mahaifa kuma ba ta cika ciki ba. Duka biyun hanyoyi ne da ake bi. Ki tambaye shi dalilin wanda ya zaɓa, ki kuma ce ya duba na hagu, domin wajen mace ɗaya cikin goma tana da shi a ɓangarorin biyu.

Abin da ba na so ki manta: in kika ji ciwo mai tsanani ya soke ki farat ɗaya a gefen mara, da amai ko tashin zuciya, ko tsakar dare ne ki tafi asibitin da ake tiyata, ki ce kina da damoyid. Kada ki jira gari ya waye. Ki gaya wa Abban Abdul wannan yau.

Maman Sadiq:
Maganar Likita ta ƙarshe ku riƙe ta. Ni ta faru a kaina. An gaya mini ina da shi, na ce sai na yaye Sadiq. Wata rana bayan isha ina shimfiɗa ciwo ya kama ni a hagu, na kasa miƙewa, ga amai. Aka ce ko tsutsar ciki ce, aka ba ni jiƙo, aka saya mini maganin ciwo a kemis. Ya lafa, ya dawo, ya lafa. Sai la'asar ɗin washegari muka je asibiti. Da aka buɗe gidan ƙwan ya riga ya yi baƙi, dole aka cire shi gaba ɗaya. Na yi kuka sosai, na ɗauka haihuwa ta ƙare mini. Amma da na daman kaɗai na haifi biyu bayan nan. Da na je a daren, da wataƙila ƙarin kawai za a ɓare a bar mini gidan ƙwan.

Fati Maraɗi:
Allah sarki. Ashe ɗaya ma ya isa a haihu?

Dakta Halima:
Ya isa. Kuma in an yi aikin a natse ba cikin gaggawa ba, yawanci ƙarin kaɗai ake ɓarewa, a bar gidan ƙwan yana aikinsa. A manyan asibitocin koyarwa ana yi ta ƙananan huda da kyamara, wasu wuraren kuma a tsaga. Kowanne aka yi, ki tabbata an kai abin da aka cire ɗakin gwaji, kuma kin karɓi sakamakon.

Maman Abdul:
Na fahimta, Allah ya saka. Saura abu ɗaya. Hajiya ta ce in namiji ne dole a sa Hassan, tunda da abokinsa ya zo. Kuma ni in faɗi gaskiya, ina jin kewar ɗayan. Na riga na fara lissafin kayan jarirai biyu. In na faɗa sai a ce in gode wa Allah ai ga ɗaya nan. Na gode masa, amma zuciyata ba ta daina ba. Akwai abin da ya kamata a yi masa, sadaka ko suna?

Malama Sa'adatu:
'Yata, godiya da baƙin ciki suna zama a zuciya ɗaya, babu laifi a kanki. Abin da kika sa rai da shi ne ya tafi. Ta fuskar hukunci, hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna ana busa rai ne bayan kwana arba'in sau uku, wato kwana 120. Naki bai kai haka ba, don haka babu sallah, babu yanka, babu raɗin suna a kansa. In kin yi sadaka don samun natsuwa da neman sauka lafiya, alheri ne. Sa wa tagwaye Hassan da Husaini al'ada ce mai kyau, ba wajibi ba. Hassan suna ne na jikan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowa na iya sa wa ɗansa. In zai faranta wa surukarki kuma ba zai riƙa tayar miki da miki ba, ku sa. In zai tayar, ki gaya wa mijinki tun yanzu, shi ya san yadda zai shawo kan mahaifiyarsa.

Hajiya Kulu:
Na kira matar wan nawa ɗazu na karanta mata abin da Likita ta rubuta. Ta yi shiru, sannan ta ce shekara 22 tana ɗauke da tunanin ita ta cinye 'yar'uwarta a ciki, har ta kan yi mata addu'a. Ta ce in yi wa Likita godiya. Maman Abdul, ki bar maganin kwantaccen cikin nan.

Maman Abdul:
Salamu alaikum, na dawo daga ganin babban likita. Abban Abdul ya roƙi Hajiya ta raka mu, aka nuna mata allon da idonta, ga ɗa a mahaifa yana motsi, ga ƙarin can gefe daban. Ta yi tambayoyi da yawa, likitan bai gaji ba. Na hagu lafiya lau. Jinina fositif ne, ba na buƙatar allurar. Ya ce tunda ba ya mini ciwo za a bar shi, a sake aunawa bayan sati huɗu, in ya ƙaru ko ya fara ciwo a cire kafin sati 20. Ya rubuta mini a katin awo da jan biro don duk wanda ya karɓe ni da dare ya gani. Hajiya ba ta ce ta yarda ba, amma a hanya ta ce a bar maganar maganin.

Sista Rabi:
Alhamdulillahi. Katin nan kada ya rabu da jakarki, ko biki za ki. Kuma ku tanadi mai mota ko mai Keke da za ku iya kira da dare, ku ajiye lambarsa a wayarku ku biyun.

Maman Sadiq:
Ki dawo ki gaya mana awon sati huɗun. Muna nan muna jira, Allah ya sauke ki lafiya.